Tiyatar rage nono: magani ce ko kwalliya, kuma wa ke rarrabewa?

A tsakiyar shekarar 2018, hukumar kula da lafiya ta Ingila, NHS, ta fitar da jerin ayyukan asibiti 17 da ta ce za ta taƙaita yin su da kuɗin gwamnati. Lissafinta shi ne a rage ayyuka kusan 100,000 a shekara, a yi tsimin fam miliyan 200. A cikin jerin akwai aikin basir, da aikin hana minshari, da na kumburarrun jijiyoyin ƙafa, sai kuma tiyatar rage girman nono. Ƙa'idar ta fara aiki a watan Afrilun 2019, amma tun kafin nan jaridu sun riga sun yaɗa labarin tamkar an soke waɗannan ayyuka baki ɗaya.

Ba haka abin yake ba. An raba jerin gida biyu: huɗu da aka ce a daina sai in wata larura ta musamman ta taso, da 13 da za a ci gaba da yi muddin mara lafiya ya cika wasu sharuɗɗa. Rage nono yana cikin kashi na biyu. Ƙofar tana nan, ƙanƙance ta aka yi.

Ruɗanin bai rasa tushe ba, domin wannan aiki a kan iyaka yake zaune. Likitan da ke yin sa shi ne dai mai gyaran hanci da zuƙe kitsen ciki, shi ya sa da an ambace shi hankalin mutane ke tafiya ga 'yan fim da matan masu kuɗi. Alhali akasarin matan da ke neman sa, ciwon baya da na wuya ne ke kai su asibiti, da gyambon ƙarƙashin nono da ya ƙi jin magani. Duk wanda zai biya kuɗin aikin, ko zai ba da fatawa a kansa, sai ya fara tantance inda kwalliya ta tsaya da inda magani ya soma. Gwamnatin Ingila ta shata tata iyakar, kamfanonin inshorar Amurka sun shata tasu, malaman fiƙihu ma haka, kuma iyakokin ba su faɗo wuri ɗaya ba.

## Wane girma ne ya zama ciwo?

Babu wani awo guda da likitoci suka haɗu a kai cewa daga nan nono ya wuce kima. Nauyin da doguwar mace mai faɗin ƙirji za ta ɗauka ko a jikinta, shi ne zai ranƙwafar da gajeriya siririya. Abin da ake dubawa shi ne wahalar da girman ke jawowa. Idan ya kai ga haifar da ciwo, likitoci na kiran sa makromastiya. Mafi tsananinsa kuma jaigantomastiya, wanda wasu ke ƙiyastawa da cewa sai an cire fiye da kilo ɗaya da rabi daga kowane ɓangare kafin a samu daidaito.

Wahalar takan fara ne daga sama. Nauyin yana rinjayar kafaɗu zuwa gaba, sai naman wuya da na saman baya su wuni suna ja-in-ja da shi, yamma na yi mace ta ji kamar ta yi dakon hatsi. Daga nan ciwon kai ya biyo baya. Igiyar rigar mama tana nutsewa cikin kafaɗa har ta yi rami, wurin ya yi baƙi. Wasu kan ji hannu ko yatsu suna mutuwa, saboda jijiyoyin da suka ratsa ta gindin wuya sun matsu. A ƙarƙashin nono kuwa, inda fata ke kwanciya kan fata, zufa ke taruwa ba iska, wurin ya dahu, ya sale, ya kama ƙaiƙayi da wari. A shafa magani ya lafa, zafi na dawowa shi ma ya dawo. Wanda ya san bazarar Sakkwato ko ta Maiduguri ya san wannan ɓangare na matsalar ya fi ƙamari a wajenmu fiye da ƙasashen sanyi inda aka rubuta yawancin ƙa'idojin.

Akwai kuma abin da sikeli ba ya aunawa. Yarinya 'yar shekara 13 ko 14 da ƙirjinta ya riga shekarunta, tana fama da kallon maza a hanya da tsokanar 'yan aji, wani lokaci har da zargin banza cewa wai taɓa ta ake yi shi ya sa. Sai ta koyi tafiya a duƙe, ta nemi zumbulelen hijabi ta ɓuya a ciki, ta bar guje-guje da wasannin makaranta. Kunya kuma ta hana ta buɗe baki ko ga mahaifiyarta. Haka za ta girma ta yi shekara da shekaru tana shan maganin ciwon baya, ba wanda ya haɗa ciwon da musabbabinsa.

Misalin da duniya ta fi sani shi ne na 'yar wasan tanis ta Romaniya, Simona Halep. A 2009, tana da shekara 17, aka yi mata aikin, bayan ta bayyana cewa nauyin ƙirjinta yana rage mata zafin nama a fili, yana kuma sa mata ciwon baya. A 2017 ta zama ta ɗaya a duniya, ta ci gasar Faransa a 2018, ta ci ta Wimbledon a 2019. Ba wanda zai ce wuƙar likita ce ta ciyo mata kofi, amma labarinta ya sa mutane da dama sun fara kallon aikin a matsayin sauke kaya.

## Daga ina girman ke zuwa?

Nono haɗin abu uku ne: kitse, da naman da ke samar da ruwan nono tare da hanyoyinsa, da zaruruwan da ke riƙe su a jikin ƙirji. Rabon kowanne ya bambanta daga mace zuwa mace, kuma gado yana da kaso mai tsoka a nan. Ƙiba tana ƙara ɓangaren kitse. Sinadaran jiki irin su estrojin su ke tayar da ɓangaren nama, lokacin balaga da lokacin goyon ciki. Sau da yawa idan aka auna jinin matan da nononsu ya wuce misali, sai a tarar sinadaran suna nan daidai. Naman nasu ne ke saurin amsa kira fiye da na sauran mata.

Akwai nau'o'i biyu da ba a cika gani ba amma suna da tsanani. Ɗaya yana zuwa da balaga, nono ya yi ta girma cikin 'yan watanni ba tsayawa. Ɗayan yana zuwa da juna biyu, har fata ta tsage ta riƙa zubar da jini, wani lokaci dole a yi aiki cikin gaggawa don ceton rai. Matsalar ta daɗe a littattafan likitanci: tun a 1669 wani likita a Ingila, William Durston, ya rubuta rahoton wata matashiya da irin wannan girma ya same ta.

Wannan rabo na kitse da nama shi ya sa rage ƙiba ke yi wa wata aiki, wata kuma ta rame ko'ina amma ƙirjin yana nan yadda yake. Motsa jiki da kiyaye abinci kitse suke narkarwa, ba su da iko kan nama. Haka nan babu man shafawa, ko shayi, ko garin da masu kayan mata ke tallatawa a Facebook da TikTok, da aka tabbatar yana rage naman nono. Ɗaure ƙirji tamau da zani ƙara dafa fata kawai yake yi. Gasa nonon yarinya da abu mai zafi don hana shi girma, al'adar da aka fi sani a Kamaru, ƙuna da gyambo take bari.

Duk wannan bayani kan nonuwa biyu ne da suka girma tare. Idan ɗaya ne ya tashi shi kaɗai cikin ɗan lokaci, ko aka ji kullutu, ko fata ta yi 'yan ramuka kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, to an bar batun nauyi, an koma binciken ƙari ko kansa, kuma wannan ba ya jira.

## Abin da ake yi a ɗakin tiyata

Kafin a shiga, likita zai zana layuka a jikin mace tana tsaye, domin da ta kwanta siffar ta canza. Sai a sa ta barci, a cire nama da kitse da fatar da ta yi yawa, a mayar da kan nono sama inda ya dace da sabon girman, a ɗinke. Awa biyu zuwa uku ake yi, a kwana ɗaya ko biyu a asibiti. Mai aikin ofis takan koma bayan mako biyu ko uku, amma ɗaukar kaya mai nauyi, da daka, da jan ruwa a rijiya, sai sun jira kamar mako shida.

Wuyar aikin ita ce a matsar da kan nono ba tare da ya mutu ba, kuma tarihin wannan tiyata kusan duk kokawa ce da wannan matsala. A 1922 wani likita a Shikago, Max Thorek, ya bayyana hanyar yanke kan nonon gaba ɗaya a sake dasa shi kamar yadda ake dashen fata. Har yau ana komawa ga hanyar idan girman ya yi tsanani ƙwarai, sai dai tana yanke hanyoyin ruwan nono da jijiyoyin ji, kuma a baƙar fata wurin kan koɗe ya yi dabbare-dabbare. Abin da aka fi yi yanzu shi ne a bar kan nono manne da wani zirin nama mai ɗauke da jijiyoyin jini da na ji, a tafi da su tare.

Tabon da za a bari ya danganta da yankan. Tsarin da Robert Wise ya fitar a 1956, wanda har yanzu ake yawan bi, yana barin tabo zagaye da kan nono, ya miƙe ƙasa, sannan ya bi lanƙwasar ƙarƙashi. Daga baya Claude Lassus a Faransa da Madeleine Lejour a Beljiyam suka yaɗa yankan da ba shi da dogon layin nan na ƙarƙashi, wanda ya fi dacewa da matsakaicin girma. Zuƙe kitse kawai yana yiwuwa ga wadda kitse ya fi yawa a nononta kuma fatarta ba ta saki ba, amma ba ya ɗaga nonon da ya riga ya zube.

## Sharuɗɗan Ingila da sikelin Amurka

Kafin mace ta samu aikin kyauta a Ingila, ƙa'idar 2019 ta ce sai ta fara gwada abin da likitanta na yau da kullum zai iya yi mata, wato shawarar rage ƙiba da maganin ciwo. Idan baya ko kafaɗa ke damunta, sai an duba ta a sashen gashin ƙashi. Sai girman ya zama yana jawo matsala a zahiri, kamar dahuwar fata da ta ƙi warkewa, ko ciwon bayan da rigar mama da ƙwararre ya auna mata ta kasa magancewa. Sai abin da za a cire ya kai giram 500 daga kowane ɓangare, ko ya sauko da ita mataki huɗu a awon rigar mama. Sannan sai ma'aunin BMI ɗinta ya kasance ƙasa da 27, ya kuma tsaya a haka shekara guda cur. Wadda ba ta cika ba, sai asibitin kuɗi, inda NHS da kanta ta taɓa ƙiyasta aikin a kan kusan fam 6,500.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi tayar da ƙura. BMI lissafi ne na nauyin mutum da tsawonsa. Ga mace mai tsawon mita 1.6, lamba 27 tana nufin kimanin kilo 69. A ƙasar da kusan kashi 60 cikin 100 na mata BMI ɗinsu ya kai 25 ko ya haura, wannan shinge ya bar mutane da yawa a waje.

Masu kare ƙa'idar suna da hujja mai ƙarfi. Kuɗin asibiti ba su da yawa, duk gadon da aka ba wannan an hana wani. Ƙiba tana ƙara yiwuwar ɗinki ya buɗe, ciwo ya ruɓe, ko jini ya daskare a jijiya bayan aiki. Macen da aka yi wa aiki sannan ta rame ko ta ƙara ƙiba sosai, siffar da likita ya gina za ta sauya. Bugu da ƙari, kafin ƙa'idar kowane yanki na Ingila da nasa sharuɗɗa, sai mace ta samu aikin a wannan gari, takwararta mai irin ciwonta a hana ta a gari na gaba.

Masu suka kuma suna cewa an sa mata a gaba kura baya siyaki: an ce sai ta rage ƙiba kafin a rage mata nono, alhali nonon ne ya hana ta gudu da tsalle, kuma nauyinsa yana cikin kilon da sikeli ke nunawa. Sharaɗin giram 500 shi ma ya fi danne ƙananan mata, waɗanda giram 300 ke iya raba su da ciwo.

A Amurka, inda kamfanonin inshora ke biya, rigimar ta fi daɗewa. A 1991 wani likita, Paul Schnur, da abokan aikinsa suka tattara bayanan mata kusan 600 da aka yi wa aikin, suka gwada girman jikin kowacce da nauyin abin da aka cire mata, suka fitar da jadawali. Wadda nata ya haura wani layi, a ɗauka ciwo ne ya kawo ta. Wadda nata ya gaza wani layi, a ɗauka ado ta zo nema. Kamfanoni suka rungumi jadawalin hannu bibbiyu, don ya ba su lamba da za su ce i ko a'a da ita. Daga baya Schnur da kansa ya koka da yadda ake amfani da shi. Ƙungiyar likitocin tiyatar gyaran jiki ta Amurka ita ma matsayinta shi ne a duba alamomin ciwo, a daina ɗora hukunci kan giram, domin bincike ya nuna matan da aka cire wa kaɗan suna samun sauƙi kamar waɗanda aka cire wa da yawa. Jadawalin ya kuma haifar da wata illa da ba a yi tsammani ba: likita kan ji an matsa masa ya cire fiye da abin da mace ke so, don kawai a kai lambar da inshora za ta biya.

In aka auna ɓangarorin, kowa yana da inda ya yi gaskiya. Cewa ƙiba da shan taba suna ƙara haɗari, wannan tabbas ne. Cewa aikin yana kawar da ciwo ga mafi yawan waɗanda aka yi wa, kuma gashin ƙashi da magunguna da rigar mama ta musamman sauƙin ɗan lokaci suka fi bayarwa, shi ma tabbas ne. Amma lamba 27 da giram 500 zaɓin masu rabon kuɗi ne. Jikin mutum bai san da su ba, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ke masa yoyo.

## Abin da jiki ke biya

Ga mace Bahaushiya da ba ta gama haihuwa ba, tambayar farko ita ce shayarwa. A inda ake shayar da yaro shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin yaye, madarar gwangwani tana da tsada, tsabtataccen ruwan haɗa ta kuma ba ko'ina ake samu ba, rasa ruwan nono babbar magana ce. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara bincike 51, ya nuna komai ya rataya ne kan naman da ke daidai ƙarƙashin kan nono. Inda aka raba kan nono da wannan nama gaba ɗaya, kashi 4 cikin 100 ne kawai suka iya shayarwa. Inda aka bar wani sashe, kashi 75. Inda aka bar shi cikakke, kusan kowa ta shayar. Saboda haka amsar ba ɗaya ba ce, salon yankan ne ke yanke hukunci, kuma wannan zance ne da ake yi da likita kafin a hau gado. Ko an shayar ma, ruwan na iya gaza wa yaro. Ciki na gaba kuma yana iya sake ƙara girman, shi ya sa wadda ciwonta zai iya jira akan ba ta shawarar ta bari sai ta gama haihuwa.

Na biyu shi ne tabo. Ba ya ɓacewa, laushi kawai yake yi da shekaru. Masu baƙar fata sun fi saurin samun tabon da ke tasowa ya yi tudu yana ƙaiƙayi, irin wanda ake gani a kunnen wasu 'yan mata bayan huda, wanda likitoci ke kira keloyid. Wadda ta taɓa samun sa, ko yana cikin danginsu, sai ta faɗa tun da wuri.

Sauran su ne raguwar ji a kan nono, na ɗan lokaci ko na dindindin, da bambancin girma tsakanin dama da hagu, da jinkirin warkewar ɗinki, musamman inda layuka suka haɗu a ƙarƙashi. Mafi muni, kodayake ba a cika samu ba, shi ne jini ya gaza isa kan nono ya mutu. Ciwon suga da ba a saita ba, da sigari, da shisha, duk suna ƙara wannan haɗari.

## Inda malamai suka tsaya

Abin da ke fara zuwa zuciyar Musulma shi ne aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya sha alwashin zai umarci mutane su canza halittar Allah, da hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud a Buhari da Muslim da ya la'anci masu zanen jiki, da masu tsige gira, da masu yin wushirya da gangan don kyau. Malamai sun tsaya kan wannan kalma ta "don kyau". Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya fahimci cewa idan don magani ne ko kawar da aibi, ba laifi. A gefe guda kuma akwai labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare.

A watan Yulin 2007, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta zauna a Putrajaya ta Malesiya, ta fitar da ƙuduri mai lamba 173 kan tiyatar gyaran jiki. Ƙudurin ya ambaci nono da sunansa: ya halatta a sake gina shi idan an cire shi, ya kuma halatta a gyara shi idan girmansa ko ƙanƙantarsa ya kai ga haifar da cuta. Ya hana gyaran halitta lafiyayya don son rai ko kwaikwayon wasu. Ya gindaya sharuɗɗa: amfanin ya rinjayi cutarwa bisa shaidar ƙwararru amintattu, likitan ya zama masanin fannin, ya bayyana haɗarin filla-filla, mara lafiya ta ba da izini, babu wata hanya mafi sauƙi da za ta wadatar, a kuma kiyaye hukunce-hukuncen al'aura da keɓancewa sai gwargwadon larura.

Sharaɗin a fara gwada hanya mafi sauƙi ya yi kama da na NHS. Bambancin shi ne malaman ba su sa lamba ba. Sun ce cuta, suka bar wa likita amintacce ya tabbatar da ita, har ma ƙudurin ya yarda cewa cutarwa tana iya zama ta jiki ko ta zuciya.

## Mai neman aikin a Najeriya

A nan matsalar ta sha bamban, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane suke fitowa. Dokar inshorar lafiya ta 2022, wadda ta kafa hukumar NHIA a madadin NHIS, ta wajabta inshora a takarda, amma har yanzu 'yan kaɗan ne ke ciki. Jagorar aiki ta tsohuwar NHIS ma ta sanya tiyatar gyaran nono cikin abubuwan da ba ta biya kwata-kwata, ba tare da ta bambanta mai ciwo da mai ado ba. Mace mai wannan larura, ita ko mijinta ko iyayenta ne za su biya. Wannan ya sa hukuncin ya koma cikin gida, inda ciwon da ba a gani da ido yakan sha wuyar samun mai gaskata shi.

Ƙwararrun fannin ba su da yawa, kuma akasarin lokacinsu ƙuna da haɗarin mota da gyaran leɓen jarirai ne ke cinyewa. Ana samun su a manyan asibitoci irin su asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano, da asibitin ƙashi na Dala. Rajista da hukumar likitoci ta MDCN tana nuna mutum likita ne kawai. Ƙwarewar tiyatar gyaran jiki shaida ce daban, daga kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa ko ta likitocin fiɗa na Afirka ta Yamma. Yawan mabiya a Instagram ba ya cikin shaidun. Masu tafiya Masar ko Indiya ko Turkiyya kuma sai su lissafa da cewa matsalolin ɗinki sukan bayyana ne a mako na biyu ko na uku, lokacin da an riga an dawo gida, likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa.

Ga budurwa, likitoci sun fi son a jira girman ya tsaya, don kada a yi aiki ya sake tasowa, sai fa nau'in nan mai tsanani na lokacin balaga. Wadda ta kai shekara 40, ko ake da kansar nono a danginsu, akan nemi ta yi hoton nono kafin aiki. Naman da aka cire kuma ba zubarwa ake yi ba, ana aika shi ɗakin gwaje-gwaje, domin jefi-jefi akan tarar da kansar da ba wanda ya san da ita. Kuɗin wannan gwaji wani lokaci ba ya cikin jimillar da aka faɗa da farko, don haka sai a tambaya, a kuma karɓi takardar sakamakon a adana, saboda duk likitan da zai duba hoton nonon nan gaba zai buƙaci sanin abin da aka yi da abin da aka gani.